Kyamara zan canja ko lens? Hotunan cikin ɗaki sun ƙi yi mini kyau

Sadiq_Gangare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu shiga wannan harka. Ina da Canon 600D da na saya ta hannu, da lens ɗin da ya zo da ita, 18-55. A waje da rana ba ni da ƙorafi, hoto yana fita tas. Amma da zarar na shiga ɗaki, ko magariba ta gabato, sai hoto ya fito dishi-dishi, musamman idan mutum ya ɗan motsa hannu ko ya juya kai. Abu na biyu, farar shadda ba ta fitowa fara, sai ta yi toka-toka, fuskar mai ita kuma ta yi duhu. Bikin ƙanwata na nan tafe bayan ƙaramar Sallah. An ɗauki mai hoto na ranar ɗaurin aure, amma kamu da yinin cikin gida ni nake son in ɗauka da hannuna. Na ɗan tara kuɗi. Wani abokina ya ce kyamarar ce ta tsufa, in sayar in cika in ɗauki Canon 2000D. Haka ne, ko akwai abin da ya fi wannan?

Kabiru_Terminus:
Wa alaikumus salam. Kada ka sayar. A wane mod kake ɗauka?

Sadiq_Gangare:
Yawanci a koren nan na oto, wani lokaci P.

Kabiru_Terminus:
To ka ga inda matsalar take. 600D ta fito a 2011, 2000D a 2018, shi ya sa abokinka yake ganin ci gaba ne. Amma in ka ajiye su gefe da gefe, abin da za ka ƙaru da shi megafiksel ne, daga 18 zuwa 24, sai wayfay. Wuraren fokas tara ne a dukkansu. Kuma za ka rasa sikirin ɗin nan mai juyawa, za ka rasa ramin sa makirfo. Ita ma da 18-55 za a ba ka ita, ka shiga ɗaki ka tarar da dishi-dishinka yana jiranka. Wallahi asarar kuɗi ce.

MaiHoto_Bukuru:
Malam Kabiru ya faɗi gaskiya. Bari in yi maka bayanin abin da ke faruwa, Sadiq, don in ka gane shi sau ɗaya ka huta.

Abubuwa uku ne ke haɗuwa su ba da hasken hoto. Na farko faɗin ƙofar lens, shi ne lambar da ake rubutawa da f. Ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, f/1.8 ta fi f/5.6 buɗewa nesa ba kusa ba. Na biyu shota, wato tsawon lokacin da haske zai ɗauka yana shiga. Na uku ISO, wato yadda kyamara ke ƙara wa hasken da ya shigo ƙarfi. Ka ɗauke shi kamar tagar ɗaki: ko ka wangale ta na ɗan lokaci, ko ka ɗan buɗe ta ka bar ta ta daɗe.

Lens ɗinka idan ka zuƙo shi zuwa 55, iyakar buɗewarsa f/5.6. A falo mai ƙwan lantarki ɗaya wannan ƙofa ta yi ƙanƙanta, sai kyamara ta rama ta hanyar barin shota a buɗe, ta sauka 1/15 ko 1/8 na daƙiƙa. A wannan tsawon lokaci hannunka ya girgiza, wanda kake ɗauka ma ya motsa. Shi ne dishi-dishin. Mutum a zaune yana hira yana son aƙalla 1/100 ko 1/125. Mata suna rawa a wajen kamu, 1/250 zuwa sama.

Abin da za ka yi yau da dare, ba tare da ka kashe ko sisi ba: juya mod zuwa Av, inda kai ke zaɓar lambar f kyamara ta zaɓi shota, mayar da zum baya zuwa 18 inda lens ke buɗewa f/3.5, ɗaga ISO zuwa 1600, ka matsa da ƙafarka maimakon zuƙowa. Ka duba lambar shota da kyamara ta ba ka, ka dawo ka gaya mana.

Ummi_Rayfield:
Ni abin da zan ce kawai, ka sayi 50mm f/1.8 STM ka ga ikon Allah. Tunda na sa shi a kyamarata ban cika cire shi ba. Daga f/5.6 zuwa f/1.8 hasken da ke shiga ya kusa ninki goma. Ga bayan mutum ya narke, amarya ta fito ita kaɗai, lallen hannunta kamar ka taɓa. Kuma yana cikin mafi araha a lens ɗin Canon.

Aliyu_Naraguta:
Anti Ummi, ina da ja a nan. 50mm a kan 600D ba 50 ba ne a aikace, saboda sensar, wato ɓangaren da ke karɓar haske a cikin kyamara, ƙarama ce, ana ninkawa da 1.6, ya koma kamar 80mm. Ke wataƙila falonku na Rayfield yana da faɗi. Ɗakunan cikin garin Jos irin na Gangare da Dilimi fa? Zai ja baya har bayansa ya bugi bango, mutum biyu kawai ya samu a hoto. Ranar kamu kuma ɗaki cike yake da mata, ba inda za ka ja. Ni 24mm f/2.8 STM nake ba shi shawara, ɗan siririn nan, ya koma kamar 38mm, ya ɗauke maka rabin ɗaki.

Ummi_Rayfield:
Na yarda da maganar ƙuncin ɗaki. Amma 24mm ɗin me ya ƙara masa? Lens ɗin da ke hannunsa a 24 yana wajen f/4, zuwa f/2.8 ninki biyu ne kacal. Ya biya kuɗi don ninki biyu alhali ga ninki goma?

Aliyu_Naraguta:
Ninki goman da ba zai iya amfani da shi a hoton mutum biyar ba. A f/1.8 in amarya da ƙawayenta suka jeru, ɗaya ta ɗan matso gaba ɗaya ta ja baya, fuska ɗaya ce za ta fito sarai, sauran duk sun narke tare da labule. Dole ya koma f/4 ko f/5.6, an dawo gidan jiya.

Kabiru_Terminus:
Ga hanyar raba gardama, Sadiq. Lens ɗinka yana da lambobi a jiki. Ka tsayar da shi a 24 ka zagaya gidan da za a yi bikin kana leƙawa, sannan ka tsayar da shi a 50 ka sake zagayawa. Idonka zai gaya maka wanda ɗakunanku za su ɗauka.

Baba_Situdiyo:
Yara, Allah ya yi muku albarka, ina jin daɗin wannan muhawara. Ni na fara aikin hoto tun zamanin fim, lokacin da nadi ɗaya hoto 36 ne, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke. In ka sa fim mai ASA 100, wato ISO a yanzu, da shi za ka ƙare nadin, babu wani maɓallin da za ka danna ya koma 1600. Saboda haka muka koyi kallon haske kafin mu kalli mutum.

Duk cikinku ba wanda ya ce wa yaron nan ya tashi amarya daga inda take. In aka zaunar da ita a ƙuryar ɗaki, bayanta taga, gabanta duhu, ko kyamarar miliyan nawa ce ba za ta yi kyau ba. Ka roƙi uwar biki a matso da kujerarta kusa da ƙofa ko taga, hasken ya zo mata ta gefe, a ɗage labule, a kashe ƙwan ɗakin in da rana ne, don kada launi biyu su gauraya a fuskarta. Ka sa yaro ya riƙe farin zanen gado ko farin kwali ta ɗaya gefen ya mayar mata da haske. Da wannan kaɗai muka yi hotunan da har yau suna rataye a falukan mutane.

Na waje kuma akwai ƙa'idar da ake bugawa a cikin kwalin fim: rana tsaka ba gajimare, f/16, shota daidai da lambar fim. ISO 100, shota 1/100 ko 1/125. Har gobe tana aiki.

Sadiq_Gangare:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Maganar farar shaddar fa? Ita ma lens ne?

MaiHoto_Bukuru:
A'a, wannan ba ruwan lens. Ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne ya mayar da duk abin da ya gani matsakaici, tsakanin fari da baƙi. In babbar riga fara ta cika hoto, sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage. Fari ya koma toka, fuska kuma da ma ta fi rigar duhu, sai ta nutse gaba ɗaya. A bayan kyamararka akwai maɓalli mai rubutun Av da alamar ƙari da ragi. Danne shi ka murza dabaran sama zuwa +1, wani lokaci +2/3 ya isa. Bayan ka ɗauka ka buɗe hoton ka danna INFO har jadawalin haske, zanen da ke nuna yawan haske da duhu a hoton, ya bayyana. In ka ga wani ɓangare na rigar yana ƙyaftawa baƙi da fari, wurin ya ƙone, ka ɗan rage. Shadda mai sheƙi takan yi haka a kafaɗa da wajen aikin wuya. In ɗan ɗigo ne ƙyale shi, fuska ce gaba.

Kuma kada ka manta ka mayar da shi sifili in ka gama, don baƙar abaya akasin haka take so.

Dan_Dilimi:
Ni fa ban ga abin wahalar da kai ba. Wayoyin yanzu suna ɗaukar hoton dare fiye da wannan tsohuwar kyamara. Ya haɗa kuɗin ya sayi waya mai kyau, ya yi hoto, ya yi bidiyo, ya tura a take.

Hauwa_Lamingo:
Dan_Dilimi, waya tana ɗaukar hotuna da yawa a jere ne ta haɗe su ya zama ɗaya, shi ya sa gini ko titi ke yin kyau da dare. Sa ta ɗauki mata suna rawa a ƙaramin haske ka zuƙo hoton ka gani. Fuska ta zama kamar an shafe ta, duwatsun leshi sun haɗe. A sikirin ɗin waya ba laifi, amma ranar da aka ce a wanke shi babba a sa a firam, nan ake gane bambanci. Ban raina waya ba, da ita nake yawancin hotunan kasuwancina. Amma mutumin nan koyo yake son yi.

Dan_Dilimi:
To ai shi ke nan, kowa da ra'ayinsa. Ni dai na san amare yanzu a waya suke kallon hotunansu.

Injiniya_Wuse:
Ina gaisuwa daga Abuja. Ni ɗan Jos ne aiki ya kawo ni nan. Na karanta duka, kuma ina mamakin ba wanda ya ambaci filash. Don biki a cikin ɗaki, in kuɗin abu ɗaya gare ka, filash na sama mai juya kai ya fi kowane lens amfani. Ba ƙaramin nan da ke ɗagowa daga kan kyamara ba, shi yana dukan fuska kai tsaye ne, goshi ya yi ƙyalli, inuwa ta kwanta a bango. Na saman za ka juya kansa ya kalli silin, hasken ya bugi silin ya sauko a baje. Da shi za ka tsaya a f/5.6, ISO 400 ko 800, shota 1/125, mutum goma su fito sarai da lens ɗin da ke hannunka. Godox da Yongnuo suna da masu sauƙin kuɗi. Ka dai kiyaye, 600D ba ta wuce 1/200 da filash na yau da kullum.

Sharaɗi ɗaya: silin ya zama fari kuma ba mai tsawo sosai ba. In na katako ne mai ruwan ƙasa, ko fenti mai launi, launin zai sauko kan fuskoki.

Ummi_Rayfield:
Injiniya, ka taɓa shiga ɗakin mata ranar kamu kana walƙa musu filash? Tsofaffi ba sa so, jarirai su fara kuka, kowa ya daskare yana jiran hoto. Abin da nake so da 50mm shi ne ba wanda ya san ka ɗauka. Gwaggo tana share hawaye, ƙawa tana gyara wa amarya gyale, irin waɗannan su ne hotunan da ake komawa ana kallo.

Injiniya_Wuse:
Hajiya, in an harba shi silin ba ya shiga ido kamar yadda kike zato. Amma na fahimci abin da kike nufi, hoton da ba a shirya masa ba daban yake.

Nafisa_K:
Tunda an zo nan bari in tsoma baki. Sadiq, ƙanwarka ce, za a bar ka ka shiga, amma ba duk matan da ke ɗakin ne suke son a ɗauke su ba. Wata ta cire mayafi don tana ganin tsakanin mata take. Ka yi sallama, ka ba su lokaci su kintsa, wadda ta kau da kai ka ƙyale ta. Kuma kafin ka sa ko ɗaya a Facebook ko Instagram ka nuna wa amarya da mahaifiyarku. An sha samun ɓacin rai a kan wannan, matar aure ta ga hotonta yana yawo ba da saninta ba.

Baba_Situdiyo:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Wannan ya fi duk maganar lens muhimmanci. Haka in kun fita gari, a nemi izini kafin a ɗauki mai talla ko mai sana'a, kuma a sauke kyamara kusa da shingen jami'an tsaro. Garinmu ya ga abubuwa, mutane suna da dalilin yin taka-tsantsan da baƙon da ya nuna su da kyamara.

Aliyu_Naraguta:
Wani abu da na tuna game da yinin biki. In a tsakar gida za a yi ƙarƙashin kanofi, ka ɗaga kai ka duba launinsa tun kafin a fara. Jan kanofi yana rina kowa ja, shuɗi ya mayar da fuska kamar ta marar lafiya. In kana da baki a wajen masu haya, ka ce a kawo fari, ko da guda ɗaya ne inda amarya za ta zauna. In ba hali, ɗauki hoton farar takarda a ƙarƙashinsa ka saita launin kyamara da ita, ko ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka gyara daga baya.

Sadiq_Gangare:
To ga wata sabuwa. Na taɓa gwada RAW, laftof ɗina ya ƙi buɗewa da sauri, sai ya yi ta juyi. RAM ɗinsa 4GB ne. Shi ma sai na canja?

Injiniya_Wuse:
Ba lallai ba. RAW na 600D yana kai wajen 25MB kowane ɗaya, ba wani nauyi ba ne can. Abu biyu za ka duba. In laftof ɗin yana karɓar ƙari, kai RAM 8GB, in da hali 16. Sannan in har yanzu tsohon had dis mai juyawa ne a ciki, a canja maka da SSD, ma'ajiyar da ba ta juyawa kuma ta fi sauri. Wannan canjin kaɗai sai ka ɗauka sabuwar kwamfuta aka ba ka. Duka ana samu a Jos, ba sai ka zo kasuwar Banex a nan Abuja ba.

Manhajar gyaran hoto kuma ba dole sai Lightroom ba. Canon suna ba da tasu kyauta, Digital Photo Professional, kuma ta san launin kyamararsu. Akwai darktable da RawTherapee, su ma kyauta ne. Ka guji waɗanda ake zuba wa mutane a shago an fasa musu makulli, da yawa da ƙwayar cuta suke zuwa.

Ka sayi kad rida, abin karanta memori, mai USB 3.0 maimakon jona kyamara da kwamfuta ta kebul kullum, ya fi sauri kuma ramin kyamarar ba zai gaji ba. Sai ka lura da sikirin: ƙananan laftof da yawa in ka ɗan karkata murfin hasken hoto ya canja. In naka haka yake, kada ka yarda da idonka kaɗai, ka riƙa duba jadawalin haske, ka kuma tura hoto ɗaya wayarka ka gwada kafin ka gyara sauran.

Hauwa_Lamingo:
A ƙara da maganar memori don Allah, ita ce ke sa mutane kuka. Wata ƙawata ta sayi mai rubutun 64GB a wani shago da araha, ta yi aikin suna da shi, hotunan farko suna nan, na baya duk sun ƙi buɗewa. Ashe ƙarami ne aka yi masa dabara yake nuna babba. Araha ba ta ado. Duk memorin da ka saya, kafin ka kai shi biki ka gwada shi da H2testw a kwamfuta, tana cika shi ta karanta ta gaya maka ainihin girmansa. Mai alamar sauri ta Class 10 ya ishi 600D. Kuma biyu masu 32GB sun fi ɗaya babba, in ɗaya ya lalace ba duka ka rasa ba.

Kabiru_Terminus:
Kuma a cikin kyamara ake fomat, ba a kwamfuta ba, sai bayan ka tabbata hotunan suna wuri biyu: laftof da had dis na waje. In tsautsayi ya sa an goge, a cire memorin nan take kada a sake ɗaukar komai a kai, PhotoRec ko Recuva sukan dawo da su.

Dan_Dilimi:
Duk wannan wahalar, a ƙarshe a WhatsApp za a tura ya matse hoton ya lalata.

Hauwa_Lamingo:
A tura shi a matsayin dokumen, ba ya taɓa shi.

MaiHoto_Bukuru:
Sadiq, tunda muna cikin hunturu, in ka sayi lens na biyu za ka fara cirewa da sawa, to ka kula da ƙura. Kada ka canja a waje iska na kaɗawa. Shiga mota ko ɗaki, kashe kyamara, kifa bakinta ƙasa, ka yi da sauri. Ka sayi ɗan famfon iska na roba, kada ka hura da baki, kada ka goge gilashi da bakin riga, ƙurar nan tana karce shi. In kana son sanin ko ƙura ta hau sensa, ɗauki sararin sama a f/16 ko f/22, za ka ga ɗigo-ɗigo. Damina kuma akasin haka, daminar Jos ba wasa, laima tana sa fumfuna ta tsiro cikin lens. Kada a bar shi cikin jaka a ƙasan gado. Roba mai murfi da 'yan ƙullin silika ɗin nan da ke zuwa cikin kwalin takalmi sun wadatar.

Amma kada ka tsani hazo. Da safe in ya rufe rana, hasken yana laushi, ba inuwa mai kaifi ƙarƙashin ido da hula. Hoton mutum a lokacin ya fi na tsakar rana kyau. Duwatsun Shere ma in ka je da sassafe za ka ga sun jeru wani bayan wani, na kusa da duhu, na nesa suna ɓacewa cikin fari. Ka tafi da batir na biyu a aljihu, sanyin can yana shanye caji.

Aliyu_Naraguta:
Maganar fita ta sa na tuna. Wa ya taɓa samun hoton magangarar ruwa ta Assop da ruwan nan ya zama kamar auduga? Ni kullum fari fat yake fitowa in na rage shota.

MaiHoto_Bukuru:
Haske ne ya yi yawa. Kana buƙatar shota wajen 1/4 zuwa daƙiƙa ɗaya, da rana kuwa ko a f/22 da ISO 100 ya wuce kima. Sai da filta mai rage haske, ND, da abin kafa kyamara mai ƙafa uku, ka sa taima ta daƙiƙa biyu don kada dannawa ta girgiza ta. ND8 yana rage haske ninki takwas, da sassafe ko ranar gajimare ya isa. Ka kula da santsin duwatsun wurin.

Sadiq_Gangare:
Na dawo da rahoto. Jiya da dare na yi yadda MaiHoto_Bukuru ya ce, Av, zum a 18, f/3.5, ISO 1600, a falonmu. Shota ta ba ni 1/50. Ƙanina yana zaune ya fito sarai, amma da ya ɗaga hannu hannun ya ja. Na kai ISO 3200 na samu 1/100, sai dai hoton ya yi yashi-yashi a wajen duhu. Yau da safe kuma na zaunar da Umma kusa da taga kamar yadda Baba ya ce, na sa +2/3 saboda farin hijabinta. Wallahi ban taɓa ɗaukar hoto mai kyan wannan ba, har zaren bakin hijabin ana gani. Ita kanta ta ce a wanke mata shi. Na fasa sayar da kyamarar.

Na kuma gwada shawarar Malam Kabiru. A 50 ɗakin Umma ya yi mini kaɗan, daga ƙirji zuwa sama kawai nake samu. A tsakar gida kuwa daidai ne. Yanzu kuɗina zai sayi ɗaya ne, ko filash, ko 50mm, ko SSD da RAM.

Injiniya_Wuse:
Filash. Gwajinka ma ya nuna, hasken ɗakin ne bai isa ba. Laftof zai iya jira, ka ɗauka RAW da JPEG, wato hoto na yau da kullum, tare, ka ba su JPEG, ka ajiye RAW har ka gyara kwamfutar.

Ummi_Rayfield:
Hoton Umman da ya burge shi da filash ya ɗauka? Da hasken taga ne. Yashi-yashin ma ba abin tsoro ba ne, hoto mai yashi da ya fito sarai ya fi mai santsi da ya girgiza. Kuma lens yana daɗewa, ko nan gaba ya koma sababbin Canon marasa madubi, da adafta zai ci gaba da amfani da shi.

Baba_Situdiyo:
Ƙarfe nawa za a yi kamun? In da la'asar ne a tsakar gida, maganar Ummi. In bayan isha'i ne a ɗaki, maganar Injiniya. Ka tambayi iyayenka mata tukuna.

Sadiq_Gangare:
Na tambaya Baba, sun ce ba a tsayar ba, sai gwaggonmu ta zo daga Bauchi.

Kabiru_Terminus:
To kada ka yi gaggawar saye. Ina da 50mm, Aliyu yana da 24, in MaiHoto zai zo da filash ɗinsa mu haɗu ranar Asabar da safe wajen gidan tarihi, ka ɗora kowanne a kyamararka ka gani da idonka. In na hannu za ka saya daga baya, zan nuna maka yadda ake haska tocilan ta cikin lens a duba fumfuna da ƙura, da yadda ake gwada fokas.

MaiHoto_Bukuru:
Zan zo in sha Allah, amma sai wajen goma, daga Bukuru zan taso. Filash a fili ba zai nuna masa komai ba, sai mun samu ɗaki mai farin silin. Sadiq, in gidanku ba nisa mu ƙarasa can daga baya, a gwada a ainihin ɗakin.

Nafisa_K:
Mata za su iya zuwa? Ina da Nikon D3300 kuma wani ya ba ni 50mm f/1.8D ya ƙi yin fokas da kansa, ina so a duba mini.

Aliyu_Naraguta:
Ki zo Anti. Amma lens ɗin lafiyarsa ƙalau, D3300 ce ba ta da injin fokas a jikinta, mai harafin D kuma da na jikin kyamara yake dogara. Sai lens mai injin fokas a cikinsa, irin mai AF-S, kamar 35mm f/1.8G. Ki taho da shi duk da haka, a nuna miki yadda ake yi da hannu, akwai ɗan koren ɗigo da ke kamawa a cikin maleƙi in fokas ya zauna.